Sa Hannuna a Kan Tsarin da Ban Zana Ba

Haƙƙin da ke wuyan kamfanin da na yi wa aiki shekara goma sha tara ba mai nauyi ba ne. Wajibi ne a kansa ya tsare mini sa hannuna, kada a ɗora shi a kan takardar da ban karanta ba. Ni injiniyan na'urorin jirgin sama ne, waɗanda ke gaban matuƙi suna nuna masa tsawon da ya kai, da gudun da yake yi, da inda ya dosa. A sana'armu, idan injiniya ya sa hannu ya buga hatiminsa, ya ɗauki alhakin rayukan da za su shiga jirgin. Wannan haƙƙi ne aka ci, kuma na san wanda ya ci shi.

Jirgin ƙarami ne, mai kujera huɗu da inji ɗaya. Mai shi wani Alhaji ne attajiri da ke da gona a wajen Yangoji, yana ajiye jirgin a rumfarmu da ke gefen filin jirgin Abuja. Allon gaban matuƙi ya tsufa, agoguna ne masu allura tun na asali, wasu gilashinsu ya dushe. Alhajin ya hau jirgin wani abokinsa ya ga manyan sikirin guda biyu suna haske kamar talabijin, ya dawo ya ce shi ma irinsu yake so. Manajan rumfarmu ya miƙo mini aikin tsarawa.

Manajan nan ni na koya masa riƙon abin liƙa waya lokacin da ya fara aiki. Daga baya ya tafi karatu waje, ya dawo da kwat da turare, aka ɗora shi a kaina. Ban ji haushin wannan ba, Allah shaida ne. Yana kirana Baba Injiniya, ina kiransa Manaja, muna sallar azahar a sahu ɗaya a masallacin bayan rumfa.

Na ɗauki mako shida ina tsara allon. Hanyata ita ce in yanka kwali daidai girman allon jirgi, in yanka ƙananan takardu daidai girman kowace na'ura, in riƙa matsar da su har sai kowace ta zauna inda ido da hannu za su kai gare ta ba wahala. A kan teburin cin abinci na gidana a Kuje na shimfiɗa shi. Uwargida ta gaji, ta ce, "Malam, wannan jirgi naka yaushe zai tashi ne mu samu wurin ajiye kwano?" Na ce ta yi haƙuri, saura agogo uku.

Agogunan uku su ne zuciyar tsarin. Sikirin duk kyansa da wuta yake aiki, idan wutar jirgi ta ɗauke ya zama baƙin gilashi. Saboda haka na bar ma'aunin tsawo da ma'aunin gudu na da, waɗanda iska ke motsa allurarsu ba ruwansu da wuta, na ƙara na uku mai nuna ko jirgi ya karkata, wanda ke da nasa ƙaramin batir. Na jera su a hagu, dab da idon matuƙi.

Ranar da muka nuna wa Alhajin kwalin a ofishin Manaja, ya sa yatsa a kan agogunan ya ɓata fuska.

"Injiniya, waɗannan tsofaffin kuma me suke yi a nan? Nan nake so a sa mini wurin maƙala wayata da taswira."

Na ce, "Ranka ya daɗe, su ne za su dawo da kai gida ranar da sikirin ya mutu."

Manaja ya yi dariya ya dafa kafaɗata. "Oga, ka san Baba Injiniya. Da zai samu dama, fitilar kwai zai sa maka a ciki don gudun ɗaukewar wuta."

Alhajin ya yi dariya har yana dukan tebur. Ni ban yi ba. Na ce a gaban su biyun ba zan sa hannu a kan tsarin da babu agogunan ba, kuma da na koma mazaunina na rubuta wannan magana a littafin aikina, da rana da sa'a, kamar yadda nake rubuta kowane aiki tun farkon shigata sana'ar. Washegari na kammala tsarin, shafi bakwai. Shida na farko zane ne da lissafin wutar da kowace na'ura za ta ja, na bakwai kuma shafin sa hannu. Na sa hannu, na buga hatimi, na haɗa su da sitefula, na miƙa wa Manaja hannu da hannu. Ya ce, "An gama, Baba. Je ka kula da idonka."

Ya faɗi haka ne domin a makon za a yi mini aikin yanar ido. Na yi wata biyu a gida. A cikin wata biyun aka kwance tsohon allon aka ɗora sabo, aka gwada jirgin, aka mayar wa mai shi. Da na dawo jirgin ba ya rumfa, Alhajin ya yi tafiya da shi. Na tambaya, Manaja ya ce komai ya tafi daidai, na kuwa yarda da shi.

Da damina ta kankama abin ya faru. Matuƙiyar jirgin wata matashiya ce 'yar Arewa, mai natsuwa, wadda kullum kafin ta tashi sai ta leƙo mazaunina ta gaishe ni. Ta tashi ita da Alhajin sun nufi kudu, suna cikin gajimare sai altaneta, injin da ke ba jirgi wuta, ya daina aiki. Batir ya riƙe na ɗan lokaci ya ƙare. Sikirin biyu suka yi baƙi. Ta duba hagu inda ya kamata agoguna su kasance, ta ga mariƙin waya. Allah ya sa ta hango wata kafa a gajimaren ta sulala ta ciki, ta ga titin Lokoja a ƙasa, ta bi shi har ta gane filin jirgin Abuja ta sauka lafiya, tana magana da hasumiyar da ke kula da saukar jirage ta ƙaramin rediyon hannu da take ajiyewa a jakarta.

Ina rumfa lokacin da aka jawo jirgin. Matuƙiyar ta sauko ta zo har gabana. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba, an ce kai ka tsara allon nan. Me na yi maka?" Ta juya ta tafi kafin in buɗe baki. Na hau jirgin na leƙa. Na daɗe zaune a kujerar matuƙi ina kallon wurin da agogunana uku ba sa nan.

Kwana uku bayan haka kamfani ya zaunar da kwamiti, mutum huɗu, Manaja a cikinsu. Aka ajiye mini fayil a gaba. Shafi na bakwai nawa ne, sa hannuna ne, hatimina ne. Shafi na biyu da na uku da na biyar ban taɓa ganinsu ba. An sake zanen, an cire agogunan, an gyara lissafin wuta ya dace da ƙaryar. Na kalli kusurwar shafi na bakwai na ga hudar sitefula huɗu, alhali sababbin shafukan huda biyu gare su. Na juya takardun. Al'adata ce in rubuta harufan farko na sunana da fensir a bayan kowane shafi da na karanta. Suna nan a bayan tsofaffin shafuka huɗu, babu su a bayan sababbin ukun.

Na ce, "Ranku ya daɗe, an warware wannan takarda an sake ɗinke ta."

Manaja ya miƙo hannu ya janye fayil ɗin daga gabana a hankali. "Baba Injiniya, gaban takarda ake karantawa, ba bayanta ba." Sannan ya juya ga sauran ya sassauta murya kamar mai jin tausayi. "Mu yi masa uzuri. Lokacin da ya yi aikin nan idonsa ya riga ya yi rauni, kowa ya sani. Wataƙila ya sa hannu bai ga abin da ke ciki ba."

Wannan magana ita ce ba zan yafe ba. Ya ɗauki ciwon da ya san na yi fama da shi, wanda ya zo har gida ya duba ni a kansa ya ci abincin uwargida, ya mayar da shi hujjar cewa ban san aikina ba. Na fito da littafina na karanta musu abin da na rubuta ranar da muka zauna da Alhajin. Shugaban kwamitin ya ce littafin mutum na kansa ba takardar kamfani ba ce, fensir kuma ana gogewa. Na nemi a kira Alhajin, aka ce ya yi tafiya. Na nemi a kira wanda ya ɗora allon a tambaye shi daga hannun wa ya karɓi zanen, aka ce babu buƙata. Kafin la'asar sun yanke: a karɓe hatimina, a rubuta wa hukumar da ke ba mu lasisi cewa kuskuren tsari ne daga injiniya. Na ciro hatimin daga aljihun tebur na ajiye musu. Manaja ne ya ɗauka ya sa a aljihun kwat ɗinsa.

Yanzu wata biyar ke nan ina gida. Da safe nakan ji motocin masu zuwa aiki suna fita daga Kuje, ni ina zaune da tabarau sabo da ido mai gani tangaram, ba ni da iznin taɓa ko waya ɗaya a jikin jirgi. Sau biyu an turo mini manya. Na farko limamin masallacin rumfa ne, ya ce Manaja yana da iyali, in rufa masa asiri Allah ya rufa nawa. Na ce, "Malam, nawa asirin a gaban mutum huɗu aka tona shi, kuma ba ni da laifi." Na biyu wani tsohon abokin aiki ne, ya kawo saƙo cewa idan na sa hannu na amsa kuskure, za a mayar mini da hatimi a asirce bayan an kwana biyu, maganar ta mutu. Na ba shi ruwa ya sha, na raka shi bakin ƙofa.

Ba zan ɓoye abin da ke raina ba. Na yi ta neman kaina da in so wa Manaja alheri, ban samu ba. Ina so ya zauna a kujerar da na zauna, a ajiye masa fayil a gaba, wani ya janye shi daga hannunsa. Ina so ya ciro nasa hatimin da hannunsa ya ajiye a kan tebur, ma'aikata suna leƙe ta taga kamar yadda suka leƙe ni. Ina so ya shekara yana jin motocin safe suna wucewa. Na daina sallah a duk masallacin da zan iya haɗa kafaɗa da shi, domin ban amince da abin da zuciyata za ta roƙa a sujada ba idan yana gefena.

Saboda haka, cikin ladabi da cikakken sanin nauyin abin da nake faɗa, ina roƙon hukumar da ta ba ni lasisi ta buɗe bincike nata na kanta. A karɓo ainihin fayil ɗin daga kamfani, kada a yarda da kwafi. A binciki kwamfutar da aka sake zana shafi na biyu da na uku da na biyar, a ga ranar da aka yi da wanda ya shiga. A rantsar da wanda ya ɗora allon, da mai jirgin, kowa shi kaɗai. Idan bincike ya nuna ni na cire agogunan, a soke lasisina har abada, ba zan ɗaukaka ƙara ba. Idan ya nuna Manaja ne, ina neman a janye wasiƙar da aka rubuta a kaina, a mayar mini da hatimina, a hukunta shi iyakar abin da dokar sana'armu ta tanada ba tare da sassauci ba, kuma a karanta sakamakon da murya a tsakiyar rumfa, a gaban ma'aikata duka da matuƙiyar jirgin.