Tafkin Abdulwahabu

Abdulwahabu taubashina ne, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da bakin ƙara. A Gummi aka haife shi, gidan masunta, ya tashi da ƙarnin kifi a jiki har muna ce masa ko sabulun duniya bai isa ba. Da gulbi ya fara rowa, sai ya haƙa tafki a gonarsa ta fadama ya zuba karfasa. Mun yi masa dariya sosai, wai mutum zai yi kiwon kifi kamar kaji. Ba a jima ba Dikko da sauran maƙwabtan gonar suka haƙa nasu a ƙasa da shi, kuma duk irin kifin shi ya ba su.

Halinsa ke nan da ke ba ni haushi, bai iya cewa a'a ba. Komarsa ta kamun kifi ta fi kwana a gidan mutane fiye da gidansa. In tafkinsa ya cika, kwalbatin da ya yi ke kai rarar ruwan ga na ƙasa. Yana da wata ƙatuwar uwar kifi da na raɗa wa suna Hajiya, don ya fi lallashinta a kan matarsa Dija. Kullum da safe yakan ƙwanƙwasa ƙwaryar abinci a bakin ruwa, sai ka ga tafki ya hautsine, Hajiya na tafe a baya da ƙasaita.

Bara da zafi kifin suka fara ƙin ci. Suna juyi a saman ruwa, ido ya yi fari, washegari a tarar da su ciki sama. Ya sake ruwa, ya zuba gishiri, a banza. Wasu suka ce guba ce, ni ma na ce haka, har na fara lissafa maƙiyansa na rasa ko ɗaya.

'Yarsa Lubabatu, wadda ta karanta kiwon kifi, ta zo ta ɗebi gawa cikin ƙanƙara ta kai gwaji. Da ta dawo, ina zaune ta yi masa bayani. Ta ce ƙwayar cuta ce da ake kira bairos, ba ta kama mutum, amma ba ta da magani. Jikin kifi, in ji ta, an gina shi da 'yan mitsi-mitsin ɗakuna kamar saƙar zuma. Allah ya ba kowane ɗaki wata dabara: in cuta ta shige shi, sai ya tsuke ya rushe kansa, don kada ta samu wurin hayayyafa ta wuce ga na kusa. To ita wannan muguwa sai ta yi ɗiya a ciki tukuna, sannan ta tayar da rushewar, a hanta da ƙwaƙwalwa, ɗakuna da yawa lokaci guda. Shi ya sa kifin ke mutuwa daga ciki.

Ya tambaye ta yadda take tafiya. Ta ce ta ruwa, da jiƙaƙƙiyar koma, har da kifin da ke da alamar lafiya.

"Har Hajiya?"

"Har ita, Baba."

Wallahi na tausaya masa, ko wasan ma ban yi masa ba. Fiye da rabin kifinsa na da rai a lokacin, zai iya jira ya ga ko za su tashi. Amma damina ta ƙarato, kuma ruwan farko zai kwashi tafkinsa ya juye wa su Dikko.

Da sassafe ya toshe kwalbatin da laka. Ya kwashe kifin kakaf, masu rai da matattu, ya binne su a rami mai zurfi da farar ƙasa. Hajiya ce ta ƙarshe, shi ya ɗauke ta da hannunsa, bai yarda kowa ya taɓa ba. Ruwan ya janye shi kan tudu rana ta shanye. Ana cikin haka Dikko ya zo aron koma kamar kullum, bai san abin da ake ciki ba.

"Ba ni ba ka," in ji Abdulwahabu. A rayuwarsa bai taɓa faɗin haka ba. Dikko ya tafi da fushi, sai da Lubabatu ta bi shi ta warware masa.

Damina ta zo ta wuce, kifin su Dikko ba wanda ya kamu. Tafkin taubashina kuwa har yau a bushe yake, sai tsaga da ciyawa. Lubabatu ta ce ya isa a sake zubawa, shi ya ce a bari zuciyarsa ta kwanta.

Kwanan baya na bi ta fadama na hango shi a bakin tafkin Dikko. Ya tsaya nesa kaɗan, ya wanke ƙafa da hannu kamar yadda 'yarsa ta koya masa. Dikko ya miƙa masa ƙwaryar abinci, ya ƙwanƙwasa, ruwa ya hautsine. Na ɗaga murya na ce kai tsoho, kifin wani kake wa bauta? Ko waiwaye bai yi ba.

"Jikokin Hajiya ne," ya ce, ya ci gaba da watsa musu abinci.