Farar Fuskar Kakata

Shekaranjiya na fito tsakar gida na tarar an shanya wani baƙin ƙyalle a igiya, iska tana kumbura shi kamar da mutum a ciki. Gabana ya faɗi. Tsohuwa da ni, har da tattaɓa-kunne, wai ƙyalle ke razana ni. Yi dariyarka, amma tsaya ka ji mafarin.

A Fagge na tashi, a ɗakin kakata ta wajen uba. 'Yar Barno ce, doguwa, baƙa wuluk, ɗakinta kullum ƙamshin turaren wuta. Tabarmarmu ɗaya, akushinmu ɗaya. Ana saura 'yan shekaru a samu mulkin kai ta ɗaura niyyar aikin hajji ta ƙasa, a mota, ta Barno zuwa Sudan. Aka ce sai da fasfo, fasfo kuma sai da hoto.

Matan gidanmu suka samu abin yi. Wannan ta ce akwatin hoto inuwar mutum yake zuƙewa, waccan ta ce wanda aka ɗauka ba ya ganin damina biyu. Suna daka suna faɗa, ba wadda ta kula da ni a gindin turmi. Daga ranar na daina cin abincin kirki. Duk inda Kaka ta sa ƙafa a rana ina biye, ina duba ko inuwarta tana nan.

Ranar tafiya ɗaukar hoton an yi ruwa da safe. Na yi ta birgima sai da Baba ya yarda a tafi da ni. Kududdufai sun cika, kwaɗi na ta kuka, ƙasa na manne wa ƙafa. Muka tsallaka Sabon Gari, inda ban taɓa shiga ba. Garmaho na tashi daga shaguna, mutane na magana da yarukan da ban sani ba, ni kuwa na ƙanƙame gefen mayafin Kaka.

Mai hoton Bayarabe ne, a ƙarƙashin wata ceɗiya a gefen kasuwa. Akwatinsa na katako yana tsaye kan ƙafafu uku, ido ɗaya a gaba, baƙin ƙyalle a baya, ga bokitin ruwa a ƙasa. Ya zaunar da Kaka a benci.

"Mama, kar motsi, kar rufe ido," in ji shi.

Ya cusa kansa cikin ƙyallen ya ɓace. Ya fito, ya cire murfin idon, ya mayar. Sai ya zura hannu cikin akwatin yana lalube, wani wari mai tsami yana fitowa. Can ya zaro jiƙaƙƙiyar takarda ya tsoma a bokiti. Na leƙa.

Kaka ce, amma fuskarta fari fat kamar an shafe ta da toka. Farin mayafinta ya koma baƙi, ƙwayar idonta ta koma fara, tana kallona daga ƙarƙashin ruwa. Ban taɓa ganin gawa ba, amma na tabbata haka take. Na kurma ihu, na ce ya kashe ta. Fitsari ya zubo mini a tsaye.

Mai hoton ya yi ta dariya. Ya ce wa Baba wannan ta fari ce, daga ita ake fitar da na gaskiya. Ya kafa ta a wani ɗan allo gaban akwatin, ya sake ɗauka, ya fitar da ƙanana na fasfo. Na ƙi ko kallonsu.

"Malam, ajiye wannan fari," ya ce wa Baba. "Kowane lokaci kawo, ni fitar maka hoto na gida."

Baba ya miƙa hannu, Kaka ta riga shi.

"Ke 'yar nan, zo. Wannan ce ta firgita ki?"

Na gyaɗa kai. Ta yayyaga takardar ta watsa a kwata, ruwan saman da ke gudu ya tafi da ita.

"To, ta tafi. Ga ni nan."

"Haba Inna, da kin bar mana," in ji Baba.

"Me za ku yi da takarda? Ba ni zan dawo ba?"

Da damina ta wuce su Kaka suka kama hanyar hajji. Ta sauke farali, amma a hanyar dawowa zazzaɓi ya kama ta a Sudan, can aka binne ta. Abokan tafiyarta suka kawo labari, fasfon kuwa ba wanda ya san inda ya shiga. Matan gida suka ce ai sun faɗa, ni ma na yarda da su. Har na yi aure, in na hango mai hoto sai in sake hanya.

Yanzu na san ajali ne kawai. Ceɗiyar nan an sare ta tuntuni, shaguna sun cinye wajen. Jikokina kuwa ko tuwo nake ci sai sun ɗauke ni a waya, na daina ma tankawa. Kwanaki ƙaramarsu ta tambaye ni wa ya ɗauko kamannin Kaka a cikinsu. Na rufe ido in nemo ta. Muryarta ta zo, hannunta ya zo. Da na nemi fuskar, sai waccan fara ta cikin bokiti ta taso, ita kaɗai. Na ce wa yarinyar ban sani ba.