Tukunyar da na koya wurin Bayahudiya

"Wannan tukunyar Yahudawa ce, ba za ta kwana a gidana ba."

Haka surukata ta ce mini wata Alhamis da yamma a unguwar Misfala, kusa da Harami, a shekarun 1950, ina sabuwar amarya. Ta same ni ina binne tukunyar alkama da nama cikin garwashi.

Ba ƙarya ta yi ba. Kafin mu ƙetaro teku mun zauna a birnin Umdurman, maƙwabciyarmu Bayahudiya ce. Ba ta hura wuta ranar Asabar, saboda haka tun Juma'a kafin faɗuwar rana take binne tukunyarta, washegari su ci da ɗuminsa. Ni kuma na mayar da abin Alhamis, don in tafi Harami da wuri ranar Juma'a, ba in tsaya bakin murhu har liman ya gama huɗuba ba.

Surukata ta ce ko in zubar, ko in tattara kayana kafin ɗanta ya dawo.

Na durƙusa, kaina a ƙasa, na ce, "Inna, ita ta bar wuta don ranarta, ni na bari don tawa. Ba Asabar ɗinta na ɗauko ba, dabarar girkinta na ɗauko. Ki yi haƙuri, ba zan zubar ba."

Ban zubar ba, ban tattara ba. Har ta rasu ba ta ɗanɗana ba, Allah ya jiƙanta. Ni ma har yau ban fasa ba, sai dai yanzu jikata ce ke ɗora mini.

Ku da kuka yi karatu, ku faɗa mini: tukunya tana da addini?