Katin Lorna Pruitt

A ajinmu na koyon aikin jinya, a kwalejin garinmu da ke bakin tafkin Erie, babu wanda ya kai Lorna Pruitt shekaru, babu kuma wanda ya kai ta karatu. Shekararta arba'in da shida. Goma sha tara daga ciki ta yi su tana tuƙa motar 'yan makaranta, sai da gwiwarta ta hagu ta fara gardama sannan ta ajiye makulli, ta zo ta zauna cikinmu da jakar littattafai mai taya. Ni Renata, shekarata ashirin da huɗu a lokacin, kujerata tana bayan tata.

Darasin magunguna, da ake jarrabawarsa a ƙarshen kowane zango, shi ke kayar da mutane. Dokar a bayyane take: wanda bai samu saba'in da takwas cikin ɗari ba ya faɗi, wanda ya faɗi sau biyu an sallame shi daga karatun jinya baki ɗaya. Lorna ta riga ta faɗi sau ɗaya. Jarrabawar Disamba ita ce damarta ta ƙarshe.

Malama Ostrowski, mai koyar da darasin, takan bar kowa ya shiga da kati guda, girmansa bai wuce tafin hannu ba, ka rubuta abin da ka ga dama gaba da baya, amma da hannunka. Mu dai ana gobe jarrabawa muke zana namu. Lorna kuwa sati uku ta ware wa nata. Ta sayi biro mai bakin allura da gilashin ƙara girman rubutu. Magungunan zuciya da ja, na ƙoda da shuɗi, lissafin awon magani a gefe kamar jerin tururuwa. Ta yaga shida kafin na bakwai ya yi mata.

Ba zan ɓoye ba, ni ma da nawa a ciki. Zango biyu na yi ina cin arzikin rubutun Lorna. In ta fita daga ajin nan, ban san bayan wa zan raɓe ba. Saboda haka ranar da na same ta a ɗakin cin abinci da takardun tsofaffin tambayoyi a hannuna, ban san ko tausayinta ne ya kawo ni ko tsoron kaina ba.

"Lorna, ajiye katin nan. Tambaya ashirin, minti ashirin da biyar. Ni zan riƙe agogo."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta turo mini ledar burodin ayaba da ta gasa. "Ci ki rufe mini baki, yarinya."

"Da gaske nake yi."

"Ni ma da gaske nake. Ke da ba ki san bambancin maganin hawan jini da na tari ba, ke ce za ki koya mini jarrabawa?"

"Na ji ban sani ba, amma na ci. Ke kin sani, kin faɗi."

Biron ya tsaya. Na ga wuyanta ya yi ja.

Kowa a ajin ya san yadda ta faɗi. Ba rashin sani ba ne. Tambaya sittin ce, ta amsa arba'in da shida, biyu kawai ta kuskure. Sauran goma sha huɗun ko taɓa su ba ta yi ba lokaci ya cika. Duk amsar da ta sani sai ta duba kati ta tabbatar, ta sake karanta tambayar, ta sake duba kati. Haka take tun tana tuƙi. Ta taɓa gaya mini ba ta taɓa tayar da mota ba sai ta leƙa madubai bakwai ɗaya bayan ɗaya, in wani yaro ya yi mata magana a tsakiya, ta koma na farko. Iyaye sun sha kai ƙararta kan latti. Shekara goma sha tara, ko fenti ba ta taɓa gogewa ba.

"Na ga kin fi son ki faɗi da hannu mai tsabta," na ce, "da ki ci da canka guda ɗaya."

"Wa ya ce miki ina son faɗuwa?"

"Sati uku, Lorna. Tambaya nawa kika gwada da agogo?"

Ta tattara birukanta ɗaya bayan ɗaya, ta jera su cikin akwatinsu bisa launi. "Bar mini ledata in kin gama," ta ce, ta ja jakarta ta fita. Kwana huɗu ba ta amsa saƙona ba.

Ranar jarrabawa dusar ƙanƙara ta rufe filin ajiye motoci. Ƙarfe goma na safe aka raba takardu, Malama ta bi layi tana juya katin kowa. Da ta zo kan na Lorna sai ta matso da shi kusa da ido. "Uwargida Pruitt, wannan ai sai a kai gidan tarihi." Aka yi 'yar dariya. Lorna ba ta yi ba.

Tambaya sittin, minti saba'in da biyar. Daga inda nake ina hango gefen takardar amsarta, inda ake cike ƙananan da'irori da fensir. Bai kamata in kalla ba. In Malama ta kama idona a can, satar amsa ce, kuma mu biyu za a kora. Amma na kasa. Ina ta ashirin tana ta takwas. Kanta na sauka kan kati, ya koma takarda, ya sake sauka. Na karanta tambaya ɗaya sau uku ban gane komai ba.

"Saura minti talatin da biyar," in ji Malama.

Lorna tana ta goma sha tara. Na yi lissafin a zuci, na ga ba za ta gama ba. Na ɗaga ƙafa zan taɓa kujerarta, na ga Malama ta zuba mini ido ta saman tabarau, na mayar.

Sai Lorna ta miƙe. Na ce shi ke nan, miƙa takarda za ta yi ta tafi. Amma katin kawai ta ɗauka. Ta taka a hankali saboda gwiwar, ta ajiye shi kan teburin Malama, ta dawo ta zauna. Ba ta kalli kowa ba. Daga nan ban ƙara ganin kanta ya ɗago ba, sai kafaɗarta da ke rawa da ƙarar fensir. Lokacin da aka ce a ajiye, tana cike da'ira ta sittin.

Washegari da rana sakamako ya fito a waya. Na same ta cikin motarta a filin kwaleji, injin a kunne, ba ta buɗe nata ba.

"Duba mini," ta ce, ta miƙo wayar. "In babu kyau kada ki yi mini fuskar ta'aziyya."

Na danna. Tamanin.

"Lorna! Tamanin! Kin wuce!" Na rungumo ta ta tagar mota. Jikinta kamar itace.

"Tamanin cikin ɗari, tambaya sittin, nawa na kuskure ke nan?"

"Haba, wa ya damu?"

"Nawa, Renata?"

"Goma sha biyu."

Ta riƙe sitiyari da hannu biyu tana kallon gaba. "Goma sha biyu. Kuma ban san waɗanne ba ne. Kin san watan gobe za su sa mu a asibiti, su ba ni sirinji a hannu? Can babu wanda zai ce mini tamanin ta isa."

Ta kashe injin, ta laluɓo hularta a kujerar baya.

"Malama tana ofis har ƙarfe uku," ta ce. "Za ta nuna mini su ɗaya bayan ɗaya. Ki zo ki riƙe mini jaka, matakalar nan ba ta da mutunci."