Farin Layin da Na Zana da Hannuna

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na iya zama na rubuta ta, kuma ina roƙon a sakaya sunana. Lokacin da abin ya faru ina da shekara talatin da 'yan kai, ina aiki a wata hukumar gwamnatin tarayya da ke Garki, muna zaune a Lugbe ni da matata da 'yarmu guda. Ban taɓa shan taba ba, ba na yawon banza, amma ina da ciwo ɗaya, wato mota. Ni ne mutumin da zai tsaya a bakin titi yana bin motar wani da kallo har ta ɓace. Ga ni kuma da baki da iya rubuta takarda, a ofis ma idan ana son wasiƙar da za ta girgiza wani, ni ake nema. Ina jin kaina ƙwarai a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Da aka yi mini ƙarin girma sai na sayi sabuwar mota dal a wurin wani kamfanin dillancin motoci, irin ƙananan nan masu gudu. Ranar da za su miƙa mini makulli sun yi mini bayani dalla-dalla cewa akwai garanti a kanta, duk abin da ya lalace za su gyara kyauta, amma da sharaɗin kada wani hannu ya taɓa inji ko ƙafar motar in ba nasu ba. Na gyaɗa kai na sa hannu, hankalina yana kan sitiyari. To akwai abokaina da muke haɗuwa duk safiyar Asabar a wurin wankin mota, kowa da tasa. Su suka fara tsokanata, wai motata ta yi tsayi kamar ta 'yan fansho, wai in ƙara mata tsani don mai hawa. Dariya ake yi, amma ni ta ci ni. Kafin wata ya ƙare na yi odar gajerun sifirin da shokazoba na waje, irin waɗanda ke sa mota ta kwanta ƙasa.

Makaniken da ya ɗaura mini su mutumin kirki ne, dole in faɗi gaskiya. Tun ranar farko ya nuna mini manyan notuna biyun da ke riƙe ƙafar gaba da taya a kowane gefe, ya ce irin waɗannan sau ɗaya ake ɗaure su, idan aka kwance to sababbi ake sawa, domin haƙoransu ba sa sake kamawa kamar da. Na ce ya mayar da su haka, wani satin zan kawo sababbi. Motar ta kwanta, abokai suka yi ta ɗaukar hoto, ni kuwa kaina ya ƙara girma. Matata ce kawai ba ta yaba ba. Ta ce yanzu duk ramin da muka faɗa sai ta ji shi a ƙugunta, kuma kullum sai cikin motar ya karci ƙasa a kwatar ƙofar gidanmu. Na ce mata ba ta san mota ba ne.

Bayan kamar wata biyu sitiyari ya fara nauyi, ga wata ƙara tana fitowa daga gaba ta hagu duk lokacin da na sha kwana, ƙwas, ƙwas. Makanike ya duba ya ce sandar sitiyarin ce ta ci, kuma aikin ya fi ƙarfinsa, sai kamfani. Nan gabana ya faɗi, don na san suna ganin sifirin ɗin nan garanti ya tashi. Wani cikin abokan nawa ya ce haba, wannan ai ba abin damuwa ba ne, a mayar da kayan asali a kai musu, kowa haka yake yi. Haka kuwa aka yi, aka sake kwance notunan nan aka sake ɗaurewa. Da makanike ya gama sai ya kira ni ƙarƙashin motar ya nuna mini wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Ashe a masana'anta, bayan sun ɗaure kowane noti, sukan ja ɗan farin layi na fenti daga kan notin zuwa jikin ƙarfe, shaidar cewa an ɗaure shi daidai kuma bai motsa ba. Namu layukan duk sun rabu, rabi nan rabi can. Ya ce duk wanda ya san aiki kallo ɗaya zai yi ya gane. Na ce ya gyara layin, ya ce Oga, shi dai a bar shi a iya ɗauri, ba zai zana ƙarya a inda ran mutum yake ba.

Wallahi da na ji wannan maganar na tsaya, da ban rubuto muku wannan wasiƙa ba. Amma a jakata akwai 'yar kwalbar farin ruwan nan da muke shafe kuskure da shi a takarda a ofis. Na cire hula, na shimfiɗa kwali, na kwanta da kaftanina a ƙarƙashin motar. Na kankare tsofaffin layukan, na ja sababbi a miƙe, na jira suka bushe, sannan na shafa musu ƙasa da yatsa don su yi kamar sun daɗe. Har wani daɗi na ji da na ga yadda suka yi kyau. Makaniken ya koma gefe yana goge sifana.

A kamfani wani dattijon injiniya aka haɗa ni da shi, ba Bahaushe ba ne amma yana jin Hausa irin tamu ta Abuja. Ya sa aka ɗaga motar, ya daɗe a ƙarƙashinta da tocila, sannan ya fito ya tambaye ni ko wani ya taɓa ƙafar. Na ce babu. Ya ce yadda sandar ta ci, ya fi kama da ta motar da aka rage wa tsayi. Na ce to sai ya tambayi masana'antarsu. Sai ya ja ni gefe, ya rage murya, ya ce ba don garanti yake tambaya ba, idan an taɓa kwance notunan nan in faɗa masa tsakanina da shi, don dole ne a canja su. Har yau ina ganin fuskarsa. Ni kuwa sai na ɗauka tarko yake ɗana mini, na ɗaga murya, na ce yana ƙaryata ni ne, na zaro katin aikina na ajiye a kan tebur, na ce a kira mini manaja.

Sati uku muka yi muna ja. Suka rubuto cewa suna da shakka, na mayar musu da wasiƙa shafi uku mai zafi, na ce su nuna hujja guda ɗaya, ai ga alamar masana'anta nan ba ta motsa ba, in ba haka ba kuma zan kai ƙara hukumar kare masu saye kuma zan baza su a intanet. Ƙarshe suka sauko, suka canja sandar kyauta. Ranar da na je ɗauka, dattijon nan ya biyo ni har bakin mota da takarda. Ya ce ya bi duk ƙafar ya ɗaure abin da ke buƙatar ɗauri, amma manyan notunan bai taɓa su ba, tunda layinsu ya nuna suna yadda masana'anta ta bar su, kuma ni ma na tabbatar masa. Ya ce in sa hannu a kan haka. Ya riƙe biron ɗan lokaci kafin ya sakar mini, yana kallona. Na sa hannu, na fita ina murmushi, na kira abokaina na ce na yi nasara.

Na yi niyyar canja notunan, Allah ya sani na yi niyya. Amma irin su sai a kamfanin, kuma idan na je saye za su tambayi dalili. Na ce zan sa a kawo mini daga Legas, wannan Asabar ta wuce, wata ta wuce. Ana haka aka tura ni wani kwas na sati biyu a cikin gari, motar ofis ke ɗaukata, sai matata ta fara hawan tawa zuwa makarantar da take koyarwa, tunda tata tsohuwa ce tana yawan mutuwa a hanya. Rana ta huɗu da yamma ta ce mini Abban yarinya, motar nan tana wata 'yar ƙara a gaba, kamar ana buga cokali a jikin kofi. Nan take na gane notunan nan ne. Amma faɗin gaskiya yana nufin in ce mata duk cika bakin da na yi a gabanta na sati uku ƙarya ne. Sai na ce ta kwantar da hankalinta, motar da ta fito daga kamfani kwanan nan, an duba komai, lafiya lau take. Ta ce to, tunda na faɗa.

Ranar Asabar da safe ta shirya za ta Masaka barkar yayarta da ta haihu. Ta bar 'yarmu a wurina saboda tana mura. Na buɗe mata ƙofar gida, ta fito a hankali, tayar hagu ta sauka a kwata, na ji shi da kunnena, ƙwas. Na ɗaga hannu zan tsayar da ita, ta zaci sallama nake yi, ta ɗago mini nata tana dariya ta wuce. Ina da lambarta, Edita. Kira ɗaya ne. Na tsaya da wayar a hannu ina ce wa kaina gobe tunda safe zan kai ta wurin makanike, tafiyar yau ɗaya ba za ta yi komai ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wayata ta yi ƙara da lambarta, amma muryar wani Bafulatani na ji, mai sayar da shanu da ke kan hanyarsa ta kasuwa. Ya tambaya ko ni ne mijin mai jar mota, ya ce in yi haƙuri in zo, tana da rai. Daga baya ya ba ni labari cewa ba ta gudu, babu wanda ya buge ta, kawai tayar gaba ce ta lanƙwashe ta shige ciki, motar ta juya ta daki kankaren gefen titi. Ƙugunta ya karye, ƙafarta ta dama ta karye a wuri biyu. Sau uku aka shiga da ita tiyata.

'Yan'uwanta suka taso da zafi, suka ce kamfanin nan sai ya amsa, motar da ta fito daga hannunsu ko wata ba a yi ba. Ita ma daga kan gado haka take cewa, Allah ya isa tsakaninta da wanda ya yi sakaci. Ni ina zaune a gefe ina gyaɗa kai. Aka sa ranar duba motar, yayanta ya zo, kamfani ya turo dattijon nan ya kare aikinsa, wanda na ji har an dakatar da shi daga aiki saboda maganar. Ya durƙusa gaban ƙafar motar da ta karye. Noti ɗaya ya ɓace, ɗayan yana nan da farin layinsa. Ya sa farce ya ɗan karce shi, layin ya ɓare ya zubo kamar ɓawon ƙwai. Fentin masana'anta ba ya yin haka. Ya miƙe ya nuna mini farcen nasa kawai. A nan, gaban yayanta, na faɗi komai.

Faɗa mata ya fi komai wuya. Ta saurare ni har na gama, ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Tambaya ɗaya ta yi mini, wai ranar da ta ce mini tana jin ƙara, na san ko mene ne? Na ce na sani. Ta juya fuskarta bango, ta ce in kira mata nas.

An mayar da dattijon aikinsa bayan na rubuta wa kamfanin gaskiya, na je har gidansa na ba shi haƙuri. Matata tana nan tare da ni, ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe. Amma tun daga ranar, idan na ce mata abu lafiya lau yake, ko tukunyar gas ce ko maganin yarinya, sai anjima in ji tana tambayar wani. Ban taɓa yi mata ƙorafi ba, da wane bakin?

'Yan'uwana masu son mota, ban ce kada ku yi wa motarku kwalliya ba. Amma idan kun taɓa ƙafarta, ku faɗa wa mai gyara gaskiya ko da garanti zai tashi, domin shi da abin da kuka faɗa masa yake aiki, inda kuka rufe nan ne ba zai duba ba. Kuma idan wanda ya yarda da ku ya ce yana jin wata ƙara, kada ku ce masa lafiya lau alhali kun san ba haka ba ne. Ni na sayar da abin da ya rage na motar tuntuni, amma ƙarar ba ta bar gidana ba. Kullum da asuba idan matata ta taso za ta yi alwala, ina jin sandar da take dogarawa a kan tayil tun daga ɗaki har bayi, ƙwas, ƙwas.