Ragona a Cikin Sabuwar Kwamfuta

Jama'a, yau na ga ragona a cikin kwamfutar da aka ce sabuwa ce dal.

Kun san ƴan furoje, wato ƙungiyar agaji, sun ce za su ba ɗakin karatunmu na Tanut kwamfuta biyar in mu ma mun sayi biyar. Muka yi karo-karo, har da ni. Yau suka zo duba waɗanda aka ce mun saya.

Na kunna ta ƙarshe, sai ga hoton ragona mai karyayyen ƙaho! Ni na sa shi da hannuna watan jiya, a ɗakin karatun Belbeji, ranar da su ma suke da baƙi.

Na ja Malam Sani, mai kula da ɗakin, gefe. Na ce, "Malam, daga ina waɗannan?"

Ya ce, "Daga Damagaram, cikin kwalinsu."

Na ce, "Ragona bai taɓa zuwa Damagaram ba."

Ya ce, "Alhaji, ai raguna suna kama."

Baƙi na tafiya, na tarar ana loda kwamfutocin a mota ta bayan gini. Direba ya ce Gangara za shi, gobe su ke da baƙi.

Ƴan Gangara da ke nan, ku gaishe mini da ragona. Ku tambaye shi inda kuɗinmu suka shiga.