Layin Jemimah

Da tsumman tsohuwar singileti Othniel yake goge gilashin, daga sama zuwa ƙasa, yana hura masa tururin baki a inda yatsun masu wucewa suka bar shaida. Haka yake fara kowace safiya kafin ya ɗaga labulen shago. Allon hotunan yana jingine a bakin ƙofa, yana fuskantar titin Samaru, inda ɗaliban jami'a ke tsallakawa da takardu a hammata. A bayan gilashin fuskoki ne jere, kowace cikin baƙar rigar digiri da hula mai tuntu, kowace tana murmushi irin na wanda aka yi wa alkawari.

Rigar ɗaya ce tak. A gwanjo ya saye ta a kasuwar Sabon Gari, tana rataye a ƙusa a bayan shago, wuyanta ya koɗe saboda gumin 'ya'yan mutane. Gajere ya sa ta, dogo ya sa ta, wanda ta yi wa yawa a kama ta da fil ta baya inda kyamara ba ta gani.

Shi kansa bai wuce firamare ba. Daga wani ƙauye a kudancin Kaduna ya zo Zariya yana saurayi, ya koyi aiki a hannun wani Bayarabe mai hoto, Oladipo, wanda ya koya masa wanke fim a cikin duhu da yadda ake sa mai jin kunya ya ɗaga kai. Da ya sami 'yancin kansa ya buɗe shago kusa da ƙofar jami'a, ya yi aure, aka haifa masa Jemimah. Rayuwarsa duka a bakin ƙofar ilimi ya yi ta, yana kallon masu shiga da masu fita. A kusurwar allon ta hagu ya bar gurbi ɗaya babu hoto. Kowa a layin shagunan ya san na waye.

Majami'ar da yake zuwa tana Sabon Gari, kuma a can ne iyaye suka kafa abin da suke kira Asusun Tsani. Tsarinsa kamar adashi ne. Kowane uba yana zubi duk wata, kowane gida yana da layinsa. Idan layinka ya zo, asusun zai ɗauki ɗanka tun daga rajista har ya gama jami'a. Idan yaron ya gama bautar ƙasa ya sami aiki, sai ya mayar da abin da aka kashe masa, na bayansa ya hau. Ba kyauta ba ce, bashi ne, amma bashi mai daɗin suna.

Duk shekara, ranar bikin godiya, ma'ajin asusun yakan tashi ya faɗi ƙarfin asusun. Ma'ajin shi ne Martins, mai kula da sito a wata masana'anta a Chikaji, aminin Othniel tun suna samari suna kwana ɗaki ɗaya. Martins yana da murya mai cika ɗaki. Zai ce bana asusunmu ya haura miliyan kaza, a yi tafi, mata su yi guɗa, sababbin iyaye su zo su rubuta suna. Babu wanda ya taɓa tambayar ina miliyoyin suke. Suna wuyan yaran da suka gama karatu, kuma ana ƙirga su kamar suna cikin akwati. Bayan tafi sai a fita harabar majami'a a jeru, Othniel ya ɗauki hoton shekara. Hotunan suna rataye a ɗakin taron dattawa, kuma babu shi a ko ɗaya, domin shi ne kullum a bayan kyamara.

Layin Jemimah bara ya zo. Mako guda bayan bikin Ista, Martins ya shigo shagon da zakara a hannu, ƙafafunsa a ɗaure, ya ajiye shi a ƙasa ya zauna a kujerar ɗaukar hoto.

"Baban Jemimah, roƙo na zo yi," in ji shi. "'Yata Winifred ta gaji da zaman gida. Ƙawayenta duk sun yi gaba, yanzu ta sami gurbi, layinmu kuwa sai baɗi. Jemimah yarinya ce, yanzu ta gama sakandare. Ba ni layinka, ka ɗauki nawa."

Musayar layi ba sabon abu ba ne a asusun. Ba a rubuta ta ma, domin a wajensu rubutu tsakanin 'yan'uwa abin kunya ne. Wanda ya roƙa yakan kawo zakara, a yi musafaha a gaban Fasto, magana ta ƙare. Othniel ya dubi zakaran ya yi dariya.

"Wannan ramammen ne kuɗin shekara guda ta 'yata?"

"Ramamme ne amma yana da tarbiyya. Ba ya cara sai an tashi."

Suka yi dariya tare. Ranar Lahadi suka yi musafaha. Da ya gaya wa Jemimah, ba ta yi musu ba. Ta ce, "To, Baba," ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba. Shekarar ta yi ta tana koyar da yara a wata ƙaramar makaranta, ta sake zana jarrabawa, ta sake ci, har da ta tantancewa. Bana, shekarar dubu biyu da bakwai, sunanta ya fito a sashen haɗa magunguna. An ba da wa'adin rajista, wanda bai biya ba gurbinsa ya tafi ga wani. Shagon kuwa ba zai iya ɗaukar nauyin ba, domin tun da wayoyi masu kyamara suka shigo hannun ɗalibai ciniki ya ja baya. Amma Othniel bai damu ba. Layinsa ya zo. Ranar Lahadi mai zuwa za a zauna.

Yana cikin gugar gilashin ne babur ya tsaya a gabansa, fasinja ya sauka ya biya. Mai babur ɗin ya cire hula ya rusuna. Gregory ne, yaron farko da asusun ya ɗauka, wanda hotonsa ke saman allon.

"Injiniya, ina kwana?"

"Injiniyan acaɓa, Baba. Lafiya lau." Ya leƙa hotonsa a gilashin. "Dubi wannan mutumin. Har yanzu murna yake yi, ba a gaya masa ba."

"Aikin bai fito ba har yanzu?"

"Takardata tana ƙarƙashin katifa, ita ma tana hutawa. Na je Kaduna, na je Abuja, intabiyu ɗaya mun fi cikin filin ƙwallo yawa. Na ji an ce Jemimah ta ci. Barka. Ina za ku samo kuɗin?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Asusu mana."

Gregory ya kashe babur ɗin. Ya dubi Othniel kamar yana so ya gane ko wasa yake yi.

"Baba, wane asusu? Ai babu wanda ya mayar da ko kwabo a cikinmu. Mu da muka gama, mai acaɓa, mai sayar da katin waya, mai zaman gida. Iyayenmu ma sun daina zubi, sun ce nasu ya riga ya fita. Baba Martins ya sani. Bara, cikin azumin kafin Ista, ya bi mu gida gida, har Basawa ya je. A bencin ƙofar gidanmu ya zauna ya riƙe kai, ya ce abin da ya rage yaro ɗaya kawai zai iya ɗauka, daga shi an rufe. Na ɗauka ya gaya muku."

Othniel ya daina gugar gilashin. Tsumman yana hannunsa. Kafin Ista Martins ya zagaya, bayan Ista ya zo da zakara. Abin ya jeru a kansa a hankali, kamar yadda hoto ke fitowa a cikin ruwan wanki, fari da farko, sannan inuwa, sannan fuska.

"Baba, ko na faɗi abin da bai kamata ba?"

"A'a, ɗana. Je ka nemi abincinka."

Ranar bai ɗauki hoton kowa ba. Da la'asar ya rufe shago ya hau mota zuwa Sabon Gari, amma ba gidan Martins ya nufa ba. Ya tsaya a shagon Amaechi mai sayar da kayan hoto, wanda ya daɗe yana zolayarsa a kan ya sayar masa da kyamararsa da ɗan janaretan shago. Sun daɗe suna magana a ciki.

Ranar Lahadi, bayan sujada, iyayen asusun suka taru a ɗakin dattawa. Ranar ce kuma ta hoton shekara, don haka kyamarar tana rataye a wuyan Othniel. Fasto ya buɗe da addu'a. Martins ya tashi, muryarsa ba ta cika ɗakin ba yau. Ya ce asusun yana da ƙarfi, a takarda ya fi kowace shekara, sai dai kuɗin suna waje. Ya ce ƙasa ce ta lalace, yaranmu ba su da laifi. Ya ce kwamiti ya ga cewa bana ba za a ɗauki sabon yaro ba, zubin da ke shigowa za a riƙa tallafa wa waɗanda suke ciki har su gama, kada karatunsu ya tsaya a hanya. Ya roƙi kowa ya ci gaba da zubi da aminci.

Waɗanda suke ciki. Othniel ya san sunan ta ƙarshe da ta shiga.

Ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. Fasto ya ba shi dama.

"Tambaya ɗaya gare ni, ga ma'aji. Baban Winifred, ranar da ka kawo mini zakara, ka sani?"

Wata fanka a sama tana juyawa tana ƙara.

"Baban Jemimah, wannan maganar gida ce. Mu yi ta a waje."

"A nan muka yi musafaha. Ga Fasto, shi ne shaida. Ka sani?"

Martins ya dubi tebur. "Na yi zaton abubuwa za su gyaru kafin baɗi. Ko mutum biyu suka sami aiki, da an wuce wurin."

"Ba abin da ka yi zato na tambaya ba."

"To, na sani." Ya ɗago kai, idanunsa sun kaɗa. "Na sani. Kai da kake uba, da kai ne ke riƙe da akwatin, ka ga ƙasansa, 'yarka tana kuka a ɗaki kullum, me za ka yi?"

Othniel ya yi tunanin tambayar da gaske, domin bai saba amsa wa Martins da wasa ba in magana ta yi nauyi.

"Ban sani ba," in ji shi. "Amma da ka zo ka ce mini, Othniel, saura na yaro ɗaya, ka bar wa Winifred, wataƙila da na yi fushi, wataƙila da na ba ka. Ni da kai mun ci tuwo a kwano ɗaya lokacin da ba mu da na miya. Ba ka bar ni na zaɓa ba. Ka sa ni dariya, ka sa na je na gaya wa yarinyata ta jira, na ci zakaranka har na aiko maka da cinya."

Wani dattijo ya ce a yi haƙuri, duk 'ya'yanmu ne. Wani ya ce ai Jemimah tana da ƙwaƙwalwa, ko baɗi ta sake zanawa za ta ci. Wata uwa da layinta yake bayan na Othniel ta fara kuka a hankali, domin yanzu ta gane nata lissafin. Fasto ya ɗaga hannuwa biyu ya ce Shaiɗan yana son raba 'yan'uwa, kada a ba shi ƙofa. Ya ce za a kafa kwamiti ya duba maganar. Ya ce yanzu dai a fita a yi hoton shekara kamar yadda aka saba, kada jama'a a waje su ga kamar wani abu ya faru, sababbin iyaye su karaya.

"Dattijo Othniel, bismilla, ka jera mu."

Othniel ya tashi. Ya dubi bangon da hotunan shekaru suke rataye. A na farko mutane kaɗan ne, a na bara har sun cika matakalar majami'a, wasu a tsugune, duka suna murmushi domin shi ne ya ce su yi. Martins yana tsakiya a kowane ɗaya.

"Ku yi haƙuri, Fasto," in ji shi. "Kyamarar ba tawa ba ce. Na sayar da ita, da janaretan. Yau zan kai wa mai ita, gobe Jemimah za ta yi rajista."

"Da me za ka yi aiki?" Martins ne ya tambaya, da muryar da yake yi masa magana tun suna samari.

"Shekarar farko ce kawai kuɗin za su kai. Sauran ban sani ba tukuna."

Ya sa hannu a aljihun gaba, inda zubin wannan watan yake a naɗe tun safe. Idanun wasu suka bi hannun. Ya taɓa kuɗin, ya tura su ciki sosai, ya ɓalla maɓallin aljihun.

"Othniel," in ji Martins.

Bai juya ba. Ya gyara igiyar kyamarar a wuyansa, ya ratsa tsakanin bencina yana cewa gafara, gafara, waɗanda ke zaune suna janye gwiwoyinsu. A bakin ƙofa ya tsaya ya bar wata tsohuwa ta shigo, sannan ya fita.